Hoton MRI ya fito lafiya amma ciwon kan ƙanina bai bari ba

Salamu alaikum jama'a, dan Allah ku taimaka min da shawara. Ƙanina ne a nan Aboabo, Kumasi, sati biyar kenan kullum wajen ƙarfe 2 na dare ciwon kai ke tada shi, gefe ɗaya kawai, bayan idon hagu, idon ya yi jawur yana hawaye hanci ya toshe, baya iya kwanciya sai zagaye tsakar gida yana dafe da kai har kusan awa ɗaya sannan ya lafa. Wallahi Hajiyarmu har kuka take yi.

Dokta ya ce wani nau'in ciwon kai ne da ake kira klosta, ya tura mu hoton ƙwaƙwalwa na MRI, muka haɗa sidi da ƙyar muka biya, sakamako ya fito wai babu komai. To ni kuma na karanta cewa tun 1998 masu bincike a Landan sun yi wani hoton da ke nuna aikin ƙwaƙwalwa, ana ce masa PET, lokacin da ciwon ke tashi suka ga haifotalamus na kunnuwa, wato wajen da ke riƙe agogon barci a ƙwaƙwalwa, shi ya sa yake zuwa lokaci ɗaya kullum. Abin da ya ɗaure min kai, shin irin wannan hoton ana yi wa mara lafiya ne ko na bincike ne kawai? MRI ɗinmu don a duba ko akwai ƙari a ƙwaƙwalwa ne kawai aka yi shi?

Sannan an ce shaƙar oksijin zalla na katse ciwon, akwai wanda ya taɓa samun silinda ta gida a Kumasi? Parasitamol dai ko gezau.