Tseren keke: me ya sa aka dakatar da Alberto Contador, Chris Froome kuwa ya tsira?

Ɗan Keke: Jama'a, su biyun an ga magani a fitsarinsu. Ina bambancin?

Mai Sarƙa: Malam, maganin ne ba ɗaya ba. Clenbuterol da aka samu a jikin Contador a gasar tseren keke ta Tour de France ta 2010 haramun ne a lokacin, komai ƙanƙantarsa. Ya ce daga nama ne, amma a dokar WADA, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, abin da ke jikinka kai ke ɗaukar alhakinsa. A 2012 kotun wasanni ta Lausanne ta dakatar da shi shekara 2, aka ƙwace kofin.

Birki: Salbutamol kuwa maganin asma ne, an yarda a shaƙa, muddin bai wuce nanogiram 1000 a mililita guda na fitsari ba. Na Froome ya haura a gasar Vuelta ta Sifen a 2017, sai dai ƙarancin ruwa a jiki kan sa fitsari ya yi kauri, adadin ya kumbura. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta rufe maganar a Yulin 2018.