Filash mai GN (lambar nisan haske) 60 ya fi mai 58 ƙarfi ne da gaske?

MaiHoto_Gwale:
Salam yan uwa. Asabar na ɗauki dina a wani hol, silin ɗinsa sama can, na ɗaga kan filash ɗina Canon 430EX II haske ya je bai dawo ba, fuskar amarya ta fito duhu wallahi har yanzu kunyar uwar biki nake ji. To ina so in canja, na ga Godox TT600 an rubuta GN 60, wani kuma zai sayar min da Canon 580EX II na hannu shi 58 ne. Kenan Godox ɗin ya fi ƙarfi ko?

Ɗan Kurna:
Wa'alaikumussalam. Malam kar lambar ta ruɗe ka. GN nisa ne a mita sau f ɗinka (lambar buɗewar lens) a ISO 100 (saitin karɓar haske na kyamara), wato GN 40 a f/4 zai kai mita 10. Amma 60 ɗin Godox a zum 200mm aka auna shi, 58 na Canon a 105mm, kuma in ka matse haske kamar tocila dole ya yi nisa ai, ba wai wutar ce ta ƙaru ba. Duba Nikon SB-910, 34 suka rubuta saboda a 35mm suka auna, shi kuma ba ƙarami bane. Ka nemo teburin da ke cikin littafinsu ka kwatanta a zum ɗaya.

Hajiya_Studiyo:
Ƙanina ko wanne ka saya daga GN 43 na 430EX II ɗinka zuwa 58 bai ma cika ninki biyu na haske ba, sai lamba ta ninku da 1.4 ake samun haka. Hol mai dogon silin ni na daina wahalar da kaina, ISO 1600 nake sawa in dasa filash a sitan da lema kusa da kujerar ango da amarya. Kuma ka sani TT600 ba shi da TTL, wato ba ya auna haske da kansa, da hannu zaka dinga saitawa ana tsaka da liƙi.

MaiHoto_Gwale:
Allah ya saka Anti, ban san ba TTL ba. Godox AD200 fa?

Ɗan Kurna:
Wannan wani aji ne, ƙarfin wutarsa 200Ws, su Godox V1 da ake ɗorawa kan kyamara 76 ne kawai. In kana ɗaukar hoton kafin biki a rana tsaka irin ta Kano shi zai fisshe ka, sai dai ba a ɗora shi kan kyamara, sai da tiriga (na'urar da ke kunna shi daga kyamara) da yaro mai riƙe maka.