Giwa da Lema a gaban majalisa, mai baiti ya fito

Ɗan Nima: Salam jama'a, yau rigimarmu ta Gana zan ɗauko, ta Giwa (jam'iyyar NPP) da Lema (NDC ta shugaba Mahama), kan sashe na 75 na tsarin mulki da ya ce a kai yarjejeniya da ƙasashen waje majalisa, wanda zai amsa ya amsa da baiti don Allah, ban son dogon turanci.

Mahama ya amshi korarrun Amurka,
Mutum 14 aka zube mana a ɗaka,
Majalisa ba ta gani ba, sai ga su haka,
Ina sashe na 75 ya shiga, 'yan Lema?

Hajiyar Kumasi:
Ƙanena Ɗan Nima rage hayaniya,
A 2018 Giwa ce ke da duniya,
Kun buɗe wa sojan Amurka hanya,
Mu muka fice daga zauren, ko ka manta?

Ɗan Zangon Tamale: Kai Hajiya Allah ya bar mana ke, kin gama da yaron nan tun a zagayen farko wallahi, Lema dai Lema

Ɗan Nima: Yaya Hajiya ai da bakinki kika kama kanki, kun fice daga zaure, to ashe an kai maganar zauren kenan.

Mu mun kai takarda gaban wakilai,
Aka yi muhawara, aka ji dalilai,
Ku ko 'yan Guantanamo biyu kuka shigo da su, ba bayanai,
Sai da kotun ƙoli ta ja muku kunne.

Malam Mai Aruli: Ku dakata. Ɗan Nima ɗangonka na uku ya fi na farko tsawo kusan ninki biyu, sannan wakilai da dalilai sun tafi da lai, kai kuma ka kawo nai. Hajiya ke ma ba ki tsira ba, wannan 2018 ɗin in an karanta shi da baki numfashi ƙarewa yake kafin a iso Giwa.

Hajiyar Kumasi: Malam a yi min afuwa, shekarar ce ba ta shiga kari, ba ni na zaɓe ta ba. Bari in gama da ƙanena tukuna.

Kotu ta yi hukunci kuna kan mulki,
A 2017 kuka amince da su, babu ɗoki,
Waɗanda kuka ce za su ja mana tashin hankali da raki,
Ku kuka tsawaita musu zama, Giwa.

Malam Mai Aruli: Kin sake saka shekara.

Ɗan Zangon Tamale: Malam kai fa ba ka taɓa kawo baiti ko ɗaya ba a nan sai gyaran na mutane, kuma duk mun san Giwa kake yi shi ya sa kuskuren Hajiya kawai kake gani

Malam Mai Aruli: Da na Ɗan Nima na fara, koma sama ka karanta. Kari ba shi da jam'iyya.

Bakano: Ku matsa baƙo ya zo daga Najeriya, ku naku ma da sauƙi tunda kotu ta tsawatar.

Obasanjo da Biya suka sa hannu,
Bakassi ta tafi Kamaru sannu sannu,
Sanatoci suka ce ba a kawo mana ba, ku tuna mu nu,
Aka miƙa ta, suna ta faɗa a Abuja.

Yarjejeniyar 2006 ce, majalisar dattawa ta yi ƙorafi a 2007 cewa sashe na 12 na tsarin mulki ya ce sai an bi ta kanta, a 2008 aka miƙa yankin, kuma fa PDP ce ke da shugaban ƙasa ita ce ke da rinjaye a majalisar, wato lema ce ke faɗa da lema.

Malam Mai Aruli: "Ku tuna mu nu" kuma wane yare ne Bakano? An matse amsa-amo har ya fita daga Hausa.

Bakano: Malam na Kano ne, ba a koyar da shi a zango

Hajiyar Kumasi:
Bakano riƙe lemarka, ta yayyage,
Sanatocinta wajen tsintsiya suka gangare, 
Tamu tana nan, ruwa bai taɓa mu ba ko a gefe.

Ɗan Nima: Yaya ɗango uku kawai? na huɗun ya bi sanatocin ne? Ku yi haƙuri na jima, wuta aka ɗauke. Kuma har yanzu ba a amsa min ba, ministan harkokin waje Ablakwa cewa ya yi maganar korarrun takardar fahimtar juna ce ba sai ta je majalisa ba, alhali jam'iyyarsa ce ta fi kowa ihu a 2018.

Da kuna adawa kun ce a kai majalisa,
Yau kun hau kujera kun ce ba ta isa,
Rinjaye na hannunku, me ya hana ku kai ta a sa,
Ko tsoron muhawara kuke, Yaya?

Malam Mai Aruli: Wannan ya ɗan zauna, ban da na uku.

Ɗan Zangon Tamale: Kun gani ko, na faɗa muku Giwa yake yi

Hajiyar Kumasi: Ina kan tuwo, ƙanena ka jira ni bayan isha'i, kuma Malam ka shirya don shekara biyu zan saka a ɗango ɗaya.