Neman shawara: ƙaramar shaƙƙa (ɗaki da falo a gidan bene) muka kama a Jidda, Umma kuma ta ce sai an yi jere

Amarya a Sabil:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawararku nake nema don Allah. Wata biyu ke nan da na iso Jidda wajen maigidana. Mun kama haya a unguwar Sabil, hawa na uku a wani tsohon gini, da ƙafa ake hawa. Ɗakin kwana mita uku da rabi ne a mita uku, falon ma bai kai shi ba, kicin kuwa mutum biyu ba sa tsayawa a ciki. Taga ɗaya ce a ɗakin, tana kallon yamma, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, irin na bango yana gefenta. Mai gidan ya ce ba buga ƙusa, ba sauya fenti, in mun yi zai cire daga kuɗin ta'amin, wato kuɗin ajiyar da muka ba shi saboda ɓarna.

Yanzu katifa ce kawai a ƙasa, sai akwatunan lefena guda huɗu jingine da bango. Umma ta turo kuɗin kayan ɗaki daga Kano, da aka canza sun kama riyal 3,500. Ta ce gado babba, sif, madubi da kujeru, a ɗauki hoto a tura mata don dangi suna ta tambaya. Na san abin da ta sayar kafin ta haɗa kuɗin nan, ba na son in karya mata zuciya. Amma wallahi ban ga inda kayan za su shiga ba. Da me zan fara?

Maman 'yan biyu, Gulail:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin ki kashe ko riyal ɗaya, ki sayi mita ta awo a shagon abu hamsa, wato shagon kayan riyal biyar-biyar. Ki auna ɗakin, ki auna faɗin ƙofa, ki sauka ki auna kwanar matakalar bene. Mu da muka tare a Gulail, sif ɗinmu kwana biyu ya yi a ƙofar gini don ya ƙi juyawa a kwanar hawa na biyu, sai da aka kira kafinta ya wargaza shi, bai ƙara tsayawa daidai ba har muka rabu da shi.

Ga lissafinki. Ɗakinki murabba'in mita goma da rabi ne. Gadon da Umma take nufi, mai santimita 180 a 200, zai cinye murabba'in mita uku da rabi da ɗoriya, kashi ɗaya cikin uku ke nan na ɗakin, ba a sa allon kai da durowar gefe ba. Ki sa sif mai zurfin santimita 60, ƙofarsa kuma tana son fili kafin ta buɗe. Ina za ki shimfiɗa sallaya? Ki nemi gado mai faɗin 140, ya ishi mutum biyu, kuma ki zaɓi wanda ƙarƙashinsa yake da durowa ko wanda ake ɗaga katifar a zuba kaya. Akwatuna biyu daga cikin huɗun nan kayansu za su shige can. Sif kuma mai ƙofar turawa gefe, dogo har kusa da silin, don a ƙaramin ɗaki sama ake nema, ƙasa ba ta da yawa.

Hajiya Babba, Misfala:
'Yata, Allah ya sanya alheri. Na fi shekara talatin a Makka, na ga amare da yawa. Gado kam ki saya, kada wata ta ce miki ki zauna da katifa a ƙasa. Mace da gadonta aka san ta, kuma uwarki ta yi gaskiya a nan. Kujeru ne ban yarda da su ba. Mutanen ƙasar nan masu manyan gidaje ma a ƙasa suke zama, su shimfiɗa jalsa, wato katifun zama na ƙasa, da matasai a jikin bango. Ki je wajen masu ɗinkin jalsa da awon falonki, su yanka miki soso mai tauri daidai bango biyu. Da rana wurin zaman baƙi, da dare wurin kwanan duk wanda ya zo Umra daga gida ya sauka wajenku. Za su zo kuwa, tunda kina Jidda, tsakaninki da Harami tafiyar awa guda ce. Kujera mai zaman mutum uku ba ta kwantar da Goggo da jikarta.

Maman Ɗalibi, Madina:
Hajiya ta gama magana a kan jalsa. Ni tagar nan ta yamma ce ta dame ni. Daga azahar zuwa magariba rana za ta dinga dukan ɗakin, mukayyif ya yi ta aiki, kuɗin wuta ya hau. Ki sa labule mai kauri amma mai launi mai haske, ruwan madara ko ruwan ƙasa, domin baƙi ko ja mai duhu matse ɗaki yake yi. Akwai sandar labule da ake murɗawa ta matse kanta tsakanin bango biyu na taga, ba ƙusa ba huji. Kuma kada sif ko labule ya tare gaban mukayyif.

Matar kafinta, Hindawiyya:
'Yar uwa, na karanta wa maigidana tambayarki, ga abin da ya ce in faɗa miki. Jidda garin bakin teku ne, raɓarta ba irin ta Makka ko Madina ba ce. Katakon nan da ake yi da garin katako a matse, da ya sha laima sai ya kumbura, gefensa ya ɓare. Don haka kada ki manna sif da bango, ki bar tazarar tafin hannu, musamman bangon da ya haɗa da banɗaki, kuma ki zaɓi mai ƙafafu don ruwan goge-goge kada ya taɓa gindinsa.

Kuɗinki zai yi auki in kika raba sayayyar. Sif, ƙaramin tebur da kantar kicin ta ƙarfe ku je Harajin Sawarik, kasuwar gwanjo a kudancin Jidda, ko ku duba manhajar Haraj, masu barin gari suna sayar da kaya masu kyau da araha. Ki yi ciniki sosai, ki haɗa da kuɗin dabbab, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya, da na masu hawar da kaya bene tun kafin a ɗora. Amma katifa da soson jalsa sababbi, wannan ba sassauci. Kuɗin cizo a ɗinkin katifa da tsagar katakon gado yake ɓuya, in ya shiga ƙaramin ɗaki sai kin gwammace kiɗa da karatu. Ko sif ɗin ma ki haska lungunansa da fitilar waya. In kina son ganin yadda ake tsara ƙaramin wuri, ki shiga IKEA ki zaga ɗakunan da suka jera, ba dole sai kin saya ba.

Maƙalan da ake liƙawa a bango kuma ki yi hattara da su. Zafi da laima suna sake gam ɗin, wani lokaci ya faɗo da fentin gaba ɗaya, ga ta'amin ya tafi. Maƙalin rataye mayafi da jallabiya kuwa, ki sayi irin wanda ake saƙalawa a saman ƙofa.

Anti mai turare, Shari'a Mansur:
Abu biyu zan ƙara. Yau ɗin nan ki ɗauki hoton kowane bango da duk tabon da kuka tarar, ku ajiye tare da kwantiragin Ijar, wato takardar yarjejeniyar haya, don ranar tashi kada a ɗora muku abin da ba ku yi ba. Ki kuma tambayi haris, wato mai gadin ginin, ko soket ɗin gidan duk 220 ne, saboda wasu tsofaffin gine-gine har yanzu suna da na 110 a gauraye.

Na biyu, sana'ata ce amma zan faɗa: kada ki kunna garwashin turaren wuta a ɗaki irin naki taga a rufe, mukayyif a kunne. Hayaƙin gawayi yana kisa ba tare da mutum ya ji ba. Ki sayi kaskon lantarki. Madubi kuma dogo guda ɗaya, jingine a bangon kudu ko na arewa don ya watsa hasken taga. Kada ki sa shi a bangon gabas, nan ce alƙiblarku a Jidda, zai ɗauke miki hankali a sallah.

Hajiya Babba, Misfala:
Na manta batun uwarki. Kada ki tura mata lissafin mita, ba shi take son ji ba. Ki kira ta da bidiyo ki zaga da ita ɗakin tun yana fanko, ta gani da idonta. In an gama, ki shimfiɗa zanin gadon da ta saya miki, ki jera kwanukanta masu kyau guda shida a kantar falo, sannan ki yi hoton. Ragowar kuɗin ki sayi ɗan zinare ki ce mata kujerun suna nan a ajiye har ku samu babban gida.

Amarya a Sabil:
Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci. Na auna kwanar benen, santimita 95 ce, ashe sif ɗin da na sa wa ido ma ba zai hau ba. Na kira Umma na nuna mata ɗakin, ta yi shiru, sannan ta ce a yi jalsar amma ita za ta zaɓi launi, ta zaɓi kore. Ranar Asabar za mu je Sawarik in sha Allah. Anti matar kafinta, don Allah ki tambayar mini shi, soson jalsa santimita nawa ya kamata kaurinsa ya kai don tsofaffi su iya tashi ba wahala?