Neman shawara: gungunmu na Kubernetes yana warware gyaran da na yi da hannu

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina aiki da wani ƙaramin kamfani a nan Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura, inda muke kula da manhajar da wasu makarantun kuɗi ke amfani da ita wajen karɓar kuɗin makaranta da fitar da sakamakon jarrabawa. Manhajar tana cikin kwantenoni, wato ƙunshin manhaja tare da duk abin da take buƙata don ta yi aiki, a kan gungun Kubernetes, wato na'urori da yawa da tsarin Kubernetes ke raba wa kwantenonin, a gajimare (na'urorin haya da ake amfani da su ta intanet). Wata manhaja mai suna Terraform ce ta gina gungun, wata kuma, Argo CD, take ɗora manhajarmu daga ma'ajiyar Git, inda muke rubuta yadda komai zai kasance. Wanda ya tsara aikin ya koma Abuja, ragamar ta dawo hannuna.

Daren da aka saki sakamakon zango na uku, iyaye suka yi caa a kan shafin har ya yi nauyi. Wajen ƙarfe goma na shiga da kubectl, abin da ake ba gungu umarni da shi, na ƙara kwafin manhajar daga biyu zuwa shida, shafin ya saki. Ban kai ga shanye shayin da ke gabana ba na ga sun koma biyu, shugabannin makarantu kuwa sai kira suke yi. Ga kuma sanarwa ta zo cewa sigar Kubernetes da muke kai ta kusa fita daga tallafi, an wuce mu da siga uku. Shin in kashe Argo CD in koma yin komai da hannu? Kuma zan iya tsallakawa kai tsaye zuwa sabuwar siga?

Amsa daga Daura: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka kashe shi, domin aikin da aka sa shi ya yi. Yana kwatanta abin da ke gudana a gungu da abin da aka rubuta a Git, idan kuma an kunna masa gyara da kansa, duk bambancin da ya gani sai ya maido da rubutaccen. Da a Git ka sauya biyu zuwa shida, da shi da kansa zai ƙara maka. Mafi dacewa ma shi ne ka saita mai ƙara kwafi gwargwadon nauyin aiki, wanda ake kira HPA, sannan ka cire layin adadin kwafi daga fayil ɗin, in ba haka ba su biyun za su yi ta jayayya a kan lamba ɗaya.

Amsa ta biyu: Malam, batun siga ya fi damuna. Kubernetes yana fitar da siga uku a shekara, kowacce tana samun gyare-gyare na kimanin wata 14. Ba a tsallake siga a ɓangaren da ke jagorantar gungu, saboda haka hawa uku ne a gabanka, ɗaya bayan ɗaya. A kowane hawa ka fara karanta abin da aka cire, domin a siga 1.25 an cire PodSecurityPolicy, wato tsarin ƙa'idojin tsaron kwantenoni, gaba ɗaya, waɗanda ba su duba ba fayilolinsu suka daina karɓuwa. Ka gwada a ƙaramin gungu tukuna, sannan ka riƙa kwashe kwantenoni daga na'ura ɗaya, ka sabunta ta, kafin ka taɓa ta gaba. Jinkiri kuma da dala ake biyansa: misali a EKS, wato hidimar Kubernetes ta kamfanin Amazon, gungun da ake biya wa santi 10 a awa yakan koma santi 60 idan ya shiga ƙarin wa'adin tallafi. Dogon hutun nan ne lokacinka, kafin a fara biyan kuɗin zango na farko.

Amsa ta uku: Ni kuwa, ƙanena, kafin ka taɓa komai ka amsa min wannan: ina fayil ɗin da Terraform ke ajiye bayanin abin da ya gina? Idan yana kan kwamfutar wanda ya tafi, Terraform ɗinka bai san da gungun ba, zai ɗauka sabo za a gina. Ka kuma ɗauki kwafin rumbun bayanan ɗalibai, ka maido da shi a wani wuri ka gani da idonka cewa yana buɗewa.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Yaya, na duba ma'ajiyarmu ban sami fayil ɗin ba, na kira mutumin ya ce yana kan tsohuwar kwamfutarsa, zai turo min gobe in sha Allahu. Da ya iso zan mayar da shi ma'ajiyar gajimare mai kulle, kuma na dakatar da maganar sabuntawa sai na ga kwafin rumbun ya buɗe.