Gashin kansar bakin mahaifa: me ya sa sai mako biyar?

Ɗan Kumo:
Assalamu alaikum. An gano kansar bakin mahaifa a jikin gwaggona a Gombe, likita ya ce ta wuce tiyata, sai gashi (kashe kansa da hasken na'ura) da kemo (maganin kansa da ake ɗurawa ta jijiya). An rubuta mata zuwa gashi sau 25 cikin mako biyar. Me zai hana a haɗa mata duka cikin kwana uku? In ta yi mako biyu, za ta iya dawowa gida ta huta kafin ta ƙarasa? Sannan mutanen gida na tsoron ba ta jikoki ta ɗauka.

Likitan Gashi:
Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Gwaggo lafiya. Hasken da na'urar ke harbawa yana karya sinadarin gado da ke cikin ƙwayar kansa, sai ta kasa hayayyafa ta mutu. Amma kafin ya isa wurin sai ya ratsa fata, hanji da mafitsara. Lafiyayyun ƙwayoyi sun fi na kansa iya gyara kansu daga yau zuwa gobe, shi ya sa ake rarrabawa. Ma'aunin hasken sunansa gire: ana ba da 1.8 ko 2 kullum, Litinin zuwa Juma'a, jimilla 45 zuwa 50. A zuba wannan a kwana uku, hanjin ma ba zai kai labari ba.

Maganar hutu kuwa, ɗan'uwa, ku ajiye ta. Da an tsaya, ƙwayoyin da suka rage sai su shiga ninkuwa. Ana so a gama komai, har da gashin ciki (wanda ake yi daga cikin mahaifa), a cikin mako 8, wato kwana 56. Duk ranar da aka ƙara a kan haka tana rage damar kashe ciwon. Biki ko gaisuwar mutuwa, a tura wakili.

Anti Nas:
Ranar farko ba gashi ake yi ba, hoton CT ne na awo, a yi mata alama a mara da kwatangwalo. Kada ta goge, da su ake saita ta kullum. Yawanci za a ce ta yi fitsari, ta sha ruwa kamar leda ɗaya, ta riƙe minti 30 zuwa 45. Cikakkiyar mafitsara na ture hanji daga hanyar hasken. Kwanciyar kanta ba ta wuce minti 15, kuma babu zafi.

Wahalar sai mako na biyu ko na uku: gudawa, zafin fitsari, kasala, fata ta yi duhu. Ta rage yaji da maiƙo, ta yawaita ruwa, ta sa zane mara matsi. Ban da ruwan zafi, man zafi ko garin magani a wurin. Duk mako za a auna jini da ƙoda kafin a ɗura mata maganin kemo mai suna cisplatin. In awon jini na himogulobin ya yi ƙasa da 10 ana iya ƙara mata jini, don kansar da ba ta samun iskar oksijin ta fi taurin kai a gaban haske. Ku tanadi masu ba da jini tun yanzu. Zazzaɓi kuwa ba ya jiran ranar asibiti.

Jikoki ta ɗauki abinta. Da an kashe na'ura, babu hasken da ke saura a jikinta.

Mai Awon Haske:
Malam, ka tambayi likita tun yau inda za a yi gashin ciki, don zuwa 25 ɗin ba su ne ƙarshe ba. Ana saka siririn bututu cikin mahaifa, ƙwayar ƙarfe mai fitar da hasken (iridiyom-192 ko kobal-60) ta shiga ta tsaya 'yan mintoci ta fita, galibi sau 3 ko 4. Wanda ya tsallake shi ya bar aikin a rabi. Kuma na'ura kan lalace. In ta tsaya ya wuce 'yan kwanaki, kada ku zauna jira. Ku nemi takardar tura mara lafiya mai ɗauke da adadin giren da ta riga ta samu, ku kira asibitin Shika a Zariya ko Asibitin Ƙasa na Abuja ku ji ko tasu na aiki kafin ku hau mota.