Neman shawara: robar zuƙar numfashi da na saya wa Baba mai ciwon zuciya

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana. Mahaifina ne, shekararsa 64, ya daɗe da hawan jini. Bara aka kwantar da shi sati biyu, aka yi masa hoton zuciya aka ce ta buɗe, ba ta harba jini yadda ya kamata. Tun da aka sallamo shi yana kan magani, har da na fitsarin nan. Abin da ya fi damunsa yanzu haki ne. Mutumin da a ƙafa yake zuwa kasuwa, yau masallacin bakin layinmu sai ya tsaya sau biyu ya dafa katanga.

Zuwansa asibiti na ƙarshe likita ya ce in jiki ya daidaita za a tura shi sashen gashi (fisiyo) a koya masa motsa jiki, har da wani atisayen ƙarfafa numfashi da ake yi da 'yar na'ura. Ni kuma azarɓaɓi ya ɗebe ni, na je kemis na kwatanta, aka ba ni wata roba mai ƙwallaye uku da mesa, in an zuƙa sai su tashi. Yau kwana biyar yana yi. Jiya ya ce jiri yake ji, ga shi a satin nan ƙafafun sun ƙara kumbura, takalmi da ƙyar yake shiga, ya kuma koma kwana a kan filo uku. Ita ce na'urar da ake nufi? Abin ma yana da amfani ga mai ciwon zuciya, ko wahalar da tsoho kawai nake yi?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya saka miki da hidimar da kike yi.

Ɗan Fagge:
'Yar'uwa ki saya masa balan-balan ta yara ya riƙa hurawa safe da yamma. Haka muka yi wa kawuna, ba sai kin kashe kuɗi ba.

Mai aikin gashi:
Ƙanwata, sannu da jinya. Ni aikina ne, amma kafin mu zo kan na'ura ga abin da ya fi gaggawa: ki ɗauke robar nan ki ajiye, gobe da safe a mayar da Baba wurin likitansa, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. Ƙafa ta ƙara kumbura, filo ya ƙaru, wannan alamar ruwa ne yake sake taruwa. Ba a fara kowane irin atisaye a wannan halin. In ya kai ga haki yana zaune, ko ya farka cikin dare yana neman iska, to ba ma gobe ba, a lokacin za a tafi.

Ita robar ƙwallayen ba ita likita yake nufi ba. Wanda aka yi wa tiyata ake ba wa, don huhu ya buɗe. Ba ta ɗora wa tsoka wani nauyin a zo a gani. Balan-balan kuma, Malam Ɗan Fagge ka yi haƙuri, fitar da iska ake yi da ita, mu kuwa tsokar shigar da iska muke nema, ga yunƙurin hurawa bai dace da mai raunin zuciya ba.

Akwai wani faifan tsoka da ya raba ƙirji da ciki, shi ne ke yin yawancin aikin jan numfashi, tsokokin tsakanin haƙarƙari suna taya shi. In zuciya ta yi rauni, ba ƙafa da hannu kaɗai ke ramewa ba, wannan faifan ma yana laushi. Masu ciwon da yawa in an gwada su haka ake samu. In kuma ya gaji, jiki sai ya matse jijiyoyin jinin ƙafa don ya tura masa ɗan jinin da ake da shi. Kamar gidan da famfo ba ƙarfi ne, an buɗe na tsakar gida, na banɗaki ya ɗauke. Shi ya sa za ki ga haki da mutuwar ƙafa tare suke zuwa wa Baba a hanyar masallaci.

Na'urar gaskiya ƙaramar roba ce mai sifirin a ciki, irin su Threshold IMT da POWERbreathe. Ana matse hanci, a sa ta a baki, iska ba za ta shiga ba sai mutum ya ja da ƙarfin da ya rinjayi sifirin ɗin. Ɗaga ƙarfe ne, amma na numfashi.

Maganar amfani kuwa, an gwada. A 2006 wasu likitoci a birnin Porto Alegre na Barazil suka ɗauki mutum 32 masu raunin zuciya da raunin tsokar numfashi, rabi aka sa musu nauyi, rabi suna zuƙar na'urar ba nauyi. Minti 30 kullum har sati 12. Waɗanda aka sa wa nauyin, ƙarfin jan numfashinsu ya ninka har da ɗoriya, nisan da suke takawa cikin minti shida ya ƙaru da kashi 19 cikin 100. Mutum 32 ba taro ba ne, na sani, amma gwaje-gwajen da suka biyo baya ma sun nuna sauƙin haki da ƙarin tafiya. Kawai kada a ɗauka tana gyara zuciyar kanta. Wannan aikin magungunansa ne, ko ƙwaya ɗaya kada a rage saboda na'ura.

Uwar Jego a Da:
Ni ganau ce. Bayan haihuwata ta uku zuciyata ta kumbura, ina tsaka da wankan jego da kunun kanwa. Likitan ya ce min tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka yi rubutu a kan yawan wannan ciwo a tsakanin matanmu. Sai da na yi wata huɗu a kan magani kafin a ba ni na'urar. Satin farko minti biyar nake yi in huta, ji nake kamar ina zuƙar fura mai kauri ta tsinken tsintsiya. Wajen wata na biyu na fara share tsakar gida ban zauna ba. Shawarata gare ki ba ta na'ura ba ce ma: ki duba tukunyar Baba. Gishiri, dunƙule, kanwa a miyar kuka, duk suna riƙe ruwa a jiki. In ana dafa masa da na gida gaba ɗaya, a raba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, wallahi jikina ya yi sanyi. Gobe in sha Allahu yayana zai kai shi. Amma Yaya mai aikin gashi, in na sa an aiko min da ta gaskiyar daga Legas ko Abuja, ba za ka faɗa min lambar da zan saita ba mu yi a gida? Layin asibiti yana galabaitar da shi.

Mai aikin gashi:
Ba rowa ba ce ƙanwata, lambar daga jikinsa ake samo ta. Akwai ma'aunin da ake sa wa mutum a baki, ya fitar da iska duka sannan ya ja iya ƙarfinsa, a maimaita a ɗauki mafi girma. Daga nan ake lissafi. Shawarar da ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta fitar a 2011 ita ce a fara da kashi 30 cikin 100 na wannan awon, ana sake saitawa duk kwana 7 zuwa 10, kada a wuce kashi 60. Minti 20 zuwa 30 a rana, sau 3 zuwa 5 a sati, aƙalla sati 8. Misali in awonsa ya nuna 50, a kan 15 zai fara. In kin yi kirdado, ko dai ya yi sauƙi a ɓata wata biyu a banza, ko ya yi nauyi ya galabaita ya tsani abin. Zuwa ɗaya ko biyu ya isa a auna a koya muku, sauran a gida ne.

Kuma ku faɗa musu in yana da asma, ko dodon kunnensa ya taɓa fashewa, ko huhunsa ya taɓa hujewa iska ta taru a ƙirji. Masu irin wannan ba kai tsaye ake ba su ba. Jirin ma a faɗa. Zai iya zama daga zuƙar da yake yi a jere ba hutu, zai iya zama jininsa ne ya sauka da yawa saboda magani. Sannan tattaki shi ne uwar tafiyar, na'ura ƙari ce. In likita ya ba shi izini, ya fara da zagayen tsakar gida bayan la'asar.

Nas ɗin Dare:
Ƙari a kan na Mai aikin gashi: ku sayi sikeli. Kullum da safe bayan ya yi fitsari, kafin karin kumallo, ya hau ku rubuta a littafi. In ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne, ba ƙiba ba. Ita kuma na'urar in an samu, tasa ce shi kaɗai, a wanke ta a shanya. Na ga gidan da jikoki suka mayar da ita usur, ga tari yana yawo a gari.

Ɗan Fagge:
To Allah Ya sa mu dace. Na janye balan-balan ɗina.

Mai tambaya:
Jama'a na dawo da bayani. An kai Baba, likita ya ce ruwa ne, ya ƙara masa maganin fitsari ya canza ɗaya, ba a kwantar da shi ba alhamdulillahi. Na sha faɗa a kan robar, na kuma karɓa. An ce mu koma nan da sati biyu, in kumburin ya saɓe a rubuta masa takardar sashen gashi. Sikeli na saya, tukunya an raba, duk da Baba yana ta mitar miya ba ɗanɗano. Hajiya Uwar Jego, ke da me kika riƙa gyara taki miyar?

Uwar Jego a Da:
Tafarnuwa, citta, albasa da yawa, da ɗan lemon tsami in an sauke. Daddawa ma ki duba, wata da gishiri ake yin ta. Sati biyu zai yi yana mita, daga nan harshen ya saba.